Ranar da Aka Sauko da Piyanon Don Evaristo

Abu biyu ne idan za a sauko da su daga tudunmu na Valparaíso kowa ke ɗaure karensa ya kwashe shanyarsa daga kan matakala: gawa da piyano. Kuma masu ɗaukar wannan su ne masu ɗaukar wancan, wato Nibaldo da mutanensa uku. Shi ya sa da Doña Herminia ta leƙa ta taga da safen nan ta hango su suna haurowa da igiyoyi da barguna a kafaɗa, sai da gabanta ya faɗi, alhali ita ce ta aika a kira su.

"Doña Herminia, an tashi lafiya? Ina marigayin?" in ji Floridor, ƙaton cikinsu mai tumbi, tun kafin ya gama haki.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Yana falo, kuma ya fi ka lafiya."

"To, mu dai gawa ta fi mana daɗin ɗauka. Ba ta kai shi nauyi ba, kuma ba a taɓa cewa mun ɓata mata murya ba."

Nibaldo, babbansu, siriri ne mara son wargi. Ya galla wa Floridor harara, sannan ya cire hula ya gaishe ta yadda ya kamata.

Gwiwoyinta ne suka kore su daga gidan. Tun tana amarya take hawa da sauka a matakalar nan da mota ba ta san da zamanta ba, da kwandon cefane, da ciki, da goyo. Yanzu kuwa sai ta yada zango a ƙofar maƙwabta sau da yawa kafin ta kai tata. 'Yarsu Leontina ta samo musu ɗaki biyu a cikin gari, can ƙasa inda wuri yake a shimfiɗe, bayan shagonta na ɗinki. Kowa a tudun ya taya ta murna, har da masu yi da ciki. Mu nan ai babu mai daɓe madaidaici. Girgizar ƙasa ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya ta karkata su, har idonmu ya daina gani. Miya a faranti takan taru gefe guda, ƙofa takan rufe kanta idan ba a sa mata waigi ba, jariri ma idan ya fara rarrafe ɓangaren teku yake nufa.

Amma ba gwiwa ce ke hana Herminia barci ba, mijinta ne. Don Evaristo ya ƙare ƙuruciyarsa yana kaɗa piyano a mashayun bakin tashar jiragen ruwa, ran Lahadi kuma ya wanke fuska ya kaɗa a coci da yatsun nan dai. Yanzu ƙwaƙwalwa ta tafi ta bar shi. Ya manta sunan unguwa, ya manta ya ci abinci ko bai ci ba. Tun sanyin bara ya daina kiran sunanta, sai dai "baiwar Allah", cikin ladabi, kamar wata baƙuwa mai kirki da ta zo taya aiki. Wannan ya fi ciwon gwiwa yi mata zafi, sai dai ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Abu ɗaya ne ciwon bai taɓa ba. Kullum da la'asar, lokacin shan shayi, yakan ɗauki lemon tsami guda daga kwando, ya ɗora shi a saman piyanon ta gefen dama, cikin ɗan kwarin da ke tsakanin murafensa biyu na sama. Sai ya zagayo kujera a hankali, ya tara tafin hannu a gefen hagu. Lemon ya gangaro gur-gur-gur ya faɗa masa a hannu. Ya sansana shi, ya jefa aljihu, ya zauna ya yi ta kiɗa har shayi ya huce. Tun Leontina tana ƙarama ya ƙirƙiro wasan don ya ba ta dariya, wasa ya zama jiki. Da can, kafin ya fara, sai ya ce Herminia ta rufe taga, wai iskar teku tana sa wayoyin ciki tsatsa. Yanzu ba ya cewa, amma takan rufe. Idan ya gama kiɗan ya san a gida yake, sai ya ci abinci ya kwanta lafiya.

Inda duk babu piyanon, ba gida ba ne a wurinsa. Lokacin da aka kwantar da Herminia a asibiti, Leontina ta ɗauke shi zuwa wurinta. Ya yi mata godiya, ya sa hula, ya sulale. A bakin layin dogo aka tsinto shi, yana tambayar mutane hanyar gida.

"Mama, ba wai ba na son Baba ba ne," in ji Leontina ranar da suka je ganin sabon wurin. "Amma idan kun sauko ya ƙi zama, wa zai bi shi? Ke da sandarki, ko ni da keken ɗinkina? A nan akwai motoci, akwai jirgin ƙasa. Na yi magana da sistocin cocin nan masu gidan tsofaffi, sun ce akwai gado a ɗakin maza."

"Na ji."

"Ba ki ji ba, Mama."

"Na ce na ji. Ki dai bar ni in kawo masa piyanonsa tukuna."

Haka suka shirya. Leontina ta zo da sassafe ta tafi da shi wurin mai aski, daga can su zauna bakin teku ya yi ta kallon jirage, kada ya ga ana taɓa masa kaya. Kafin lokacin shayi piyano ya riga shi isa. Herminia ba ta bar komai ba: kujerar kiɗan da fatarta ta tsage, hoton aurensu da ke rataye a samansa, kwandon lemo daga bishiyar tsakar gida. Har waigin ƙofofin gidan sai da ta tattara ta zuba a jaka. Leontina ta yi mata dariya, ta ce ƙofofin can suna tsayawa inda aka bar su. Herminia ta ce Evaristo ne ya sassaƙa su da hannunsa, ba za ta bar wa baƙo ba.

Nibaldo ya zagaya piyanon yana dubawa kamar mai sayen sa a kasuwa. Ya kulle murfin haƙoran da ake dannawa, ya ɗaure shi da tsumma, suka lulluɓe jikin da barguna har ya zama wani baƙin dunƙule mara fuska. Suka zura faffaɗan maɗauri ta ƙarƙashinsa, kowa ya saƙala kansa a ciki. Da suka ɗaga, sai ga ramuka huɗu da tayoyinsa suka haƙa a katakon daɓe, ga kuma bango da tsohon fentinsa kore shar, irin wanda ta zaɓa tana amarya.

A lungun hagu kuwa, cikin ƙura, busassun lemo ne a zube, sun yi baƙi sun ƙanƙance. Herminia ta tsaya tana kallonsu. Ashe kwanakin nan wani lokaci Evaristo yakan kuskure cafke lemon, ita tana kicin ba ta sani ba. Ta sunkuya da ƙyar ta tsince su ta zuba a aljihun gaban rigarta.

"Kai, gidan nan ya karkata kamar mashayi ran albashi," in ji Floridor. "Doña Herminia, da ba don ramukan nan ba, da tuni piyanonku ya tafi teku wanka."

"Wahala ya sha," in ji Nibaldo. "Shekara da shekaru nauyinsa a kan ƙafa biyu. A sabon gida zan daidaita shi cif, ya huta."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Herminia, da zuciya ɗaya.

A kan matakala ba mai magana sai Nibaldo, wannan doka ce. Ko Floridor, da yake can ƙasa nauyin duk ya sauka a kafaɗarsa, ya kama bakinsa. Nibaldo ya ce "ɗaga", su ɗaga, ya ce "taka", ƙafafu takwas su sauka tare. Bayan piyanon yana kallon bango, fuskarsa tana kallon fili. Mata sun fito ƙofa-ƙofa sun harɗe hannu, wani tsoho har ya cire hula kafin ya ga babu mai kuka ya mayar. Herminia tana biye da sandarta a hannu ɗaya, kwandon lemo a ɗaya, duk takun da suka yi sai ta ji shi a ƙirjinta.

A kwanar tsakiya suka tsaya cak. Lokacin da aka hau da piyanon, wurin fili ne, amma daga baya Don Aniceto mai gyaran takalma ya ƙara wa gidansa baranda ta katako, ta cinye rabin hanya. Nibaldo ya auna da igiya, ya girgiza kai. Herminia ta dubi ƙofar gidan. Don Aniceto mutum ne da ko ƙwallon yara ta faɗa gidansa ba ta fitowa.

Ya leƙo, ya dubi piyanon, ya dubi barandarsa, ya koma ciki. Sai ga shi da guduma. Ya shiga ɓamɓare katakan shingen, yana jera ƙusoshin a leɓe.

"Don Aniceto, ban san da wane baki zan gode maka ba."

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Na sha kiɗa kyauta ta cikin bango tun ina da gashi. Ki ce da Evaristo la'asar za ta yi mana shiru."

Duk da haka sai da suka tayar da piyanon tsaye a kan gefensa kafin ya wuce. Yana juyawa wani gurnani mai zurfi ya fito daga cikinsa, ya daɗe kafin ya mutu. Herminia ta rufe ido ta kira sunan Allah. Nibaldo ya kara kunne a jikin bargon, ya jira, sannan ya ce ba komai, ƙorafi ne kawai na wanda aka tasa daga barci. Daga nan har gindin tudu, inda a-kori-kura ke jira, ba abin da ya faru sai gumi.

Sabon falon ƙarami ne, fari tas, daɓensa na tayil mai sheƙi. Tagarsa ɗaya ce, tana kallon bangon gidan burodi. Suka ajiye piyanon inda Herminia ta nuna, ƙofar fita tana hagunsa kamar yadda take a tsohon gida. Nibaldo ya zaro ma'aunin magina daga jakarsa, irin mai ɗigon ruwa a cikin gilashi, ya ɗora a sama. Ya durƙusa ya zura ɗan kwali ƙarƙashin taya ɗaya, ya miƙe ya duba, ya sake durƙusawa. Can ya kira ta.

"Zo ki gani, Doña Herminia. Tsakiya cif."

Ɗigon yana zaune tsakanin layuka biyu, ko motsi ba ya yi. Ita da ta tsufa a kan tudu ba ta taɓa ganin haka a ɗakinta ba, har abin ya burge ta. Ta rataye hoton auren, ta ajiye kujera da kwandon lemo, ta ɗora butar shayi. Mutanen Nibaldo suka zauna a kicin ta ba su burodi mai zafi da fiya da aka dama da gishiri. Al'adarsu ce ba sa barin gida sai mai piyano ya kaɗa sun ji da kunnensu cewa da rai suka kawo shi.

Da la'asar Leontina ta shigo riƙe da hannun ubanta. An yi masa aski, yana ƙamshin hodar wanzami. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon farin bangon a ɗarare, kamar wanda aka kawo ofishin hukuma. Sai idonsa ya sauka a kan piyanon. Fuskarsa ta saki. Ya taka ya shafa gefensa, ya ajiye hularsa a kan kujerar da ke kusa. Herminia tana tsaye da kofin shayi a hannu, murna ta cika ta har tana jin kunyar a gani.

Ya ɗauki lemo. Ya ɗora a gefen dama, cikin kwarin. Ya zagayo kujera a hankali, ya tara hannu a gefen hagu.

Lemon yana nan inda ya ajiye shi.

Ya jira. Bai sauke hannun ba. Ya dubi lemon, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya waiwaya ya bi ɗakin da kallo, bango, taga, mutanen da suka leƙo daga kicin da burodi a baki. A hankali ya sauke hannun, ya goge shi a wando, ya ɗauki hularsa ya sa.

"Baiwar Allah, na gode da karamci," ya ce da Herminia. "Piyanonku yana da kyau, ya yi kama da nawa. Amma yamma ta yi, matata tana jirana. Zan tafi gida."

Leontina ta dubi uwarta. Gadon nan na ɗakin maza yana rubuce a idonta da ya cicciko. Ta sha gabansa a bakin ƙofa, ta shiga gyara masa maɓallan kwat ɗaya bayan ɗaya don ta ja lokaci.

Herminia ta sunkuyar da kai don kada hawaye su zubo a gaban maza. Idonta ya faɗa cikin kofin da ke hannunta. Ta zuba shayin ne yadda ta saba, ta bar faɗin yatsa a sama saboda ɓangaren da yakan kwanta. Ga shi nan kuwa a shimfiɗe, bakinsa daidai ta ko'ina. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dire kofin har ya fantsala.

"Nibaldo! Ku ɗaga mini gefen dama."

"Me ya faru? Ai ya daidaita."

"Shi ne abin da ya faru. Ku karkata shi."

Nibaldo ya ajiye burodinsa, ransa a ɓace. "Haba Doña Herminia. Tun ina saurayi nake aikin nan, ban taɓa barin piyano a karkace ba. Gobe mai gyaran murya ya zo ya gani, ya ce wane jaki ne ya ajiye wannan?"

"Sai in ce masa jakar ni ce. Ka ɗaga, ɗana, don Allah. Yana bakin ƙofa."

Nibaldo ya dubi tsohon, ya dubi lemon da ke zaune a sama. Floridor ya riga ya miƙe yana lashe yatsu.

"Tashi, maigida," ya ce. "Yau ka samu aikin da ka dace da shi. Ai kai ma a karkace aka haife ka, a tudun nan."

Suka kama su biyu, suka ɗaga. Herminia ta zazzage jakar waigin a ƙasa, ta manta da gwiwa ta durƙusa. Ta zaɓi na ƙofar falo da na ƙofar ɗakin kwana, waɗanda Evaristo ya sassaƙa daidai da karkatar tsohon gidan, ta tura su ƙarƙashin tayoyin dama. Nibaldo da kansa ya tokare na hagu da wasu biyu don kada ya zame, yana ƙunƙuni. Suna saukewa lemon ya motsa. Ya bi kwarin gur-gur-gur, ya faɗo ƙasa, ya gangara har ya daki takalmin Don Evaristo.

Tsohon ya dubi ƙasa. Ya ture hannun Leontina daga kwat ɗinsa, ya sunkuya ya ɗauka, ya yi tsaki irin na wanda ya kuskure abin da bai kamata ya kuskure ba. Ya koma ya ɗora shi a gefen dama. Ya zagayo kujera, ya tara hannu. Lemon ya taho a hankali, ba gaggawa, ya faɗa tsakiyar tafinsa.

Ya sansana, ya jefa aljihu, ya zauna. Ya buɗe murfin ya ɗora yatsu. Muryar piyanon ta ɗan gurɓata saboda tafiya, kowa ya ji, ba wanda ya damu. Ya kaɗa kaɗan, sai ya tsaya, ya ɗaga kai kamar mai sauraron wani abu. Bai waiwayo ba.

"Herminia," ya ce, "rufe tagar nan mana, tsohuwa. Iskar teku tana shigar masa."

Tana durƙushe har yanzu. Floridor ya miƙa mata hannu ya tashe ta. Ta dogara sandarta zuwa tagar da babu komai a bayanta sai bangon gidan burodi, ta rufe ta, ta sa sakata. Leontina kuwa ta zare hular daga kan ubanta, ta rataye ta a ƙusar bayan ƙofa.